Babi na Huɗu: Tsohon Keken Ɗinki na Gida

Wannan babi na masu baƙin keken nan ne mai kan ƙarfe, na ƙafa ko na hannu, wanda ba ruwansa da wutar lantarki. Gidaje da yawa a Tudun Wada da Rigasa da Kawo, a garin Kaduna, suna da shi a lungun ɗaki, an lulluɓe shi da tsohon zane an jera kwanuka a kai, wai ya mutu. Akasarinsu da ransu. Keke samfurin Singer asalinsa Amurka ne, can Isaac Singer ya yi wa kekensa rajista a 1851. Butterfly kuwa, wanda za ku gani a hannun teloli da yawa a Kasuwar Barci, daga Shanghai ta ƙasar Sin ake kawo shi, kuma ƙirar Singer mai lamba 15 aka kwaikwaya. Don haka abin da za mu koya a kan ɗaya zai yi muku aiki a kan ɗayan. Iyaye da 'yan'uwa, ku karanta a hankali, keken yana gabanku. In kun karanta layi ɗaya, ku taɓa abin da aka ambata da hannunku kafin ku wuce.

Darasi na 1: Zama da taka feda

Ku zauna daidai saitin allura. Wilin da ake juyawa da hannu yana damanku, allura tana hagu da shi. Ku riƙe wannan, domin duk inda na ce dama a babin nan, wajen wili nake nufi.

Wili wajenku ake juyo shi, wato samansa ya taho wajen ƙirjinku. Ba a tura shi baya. In ya juya baya, zare zai cukurkuɗe a ƙasa ya tsinke.

Yau ba zare. Ku cire bel daga wili, ku ɗora ƙafafu biyu a feda, ɗaya ta ɗan fi ɗaya gaba, ku yi ta takawa har ƙafa ta saba. Sannan ku mai da bel, ku tayar da wili da hannun dama, ƙafa ta karɓa. Ku sa takarda mai layi a ƙarƙashin madannin yadi, ku bi layin da allura. Kada kunya ta kama kowa. Duk telan da kuke gani yana gudu da keke, da haka ya fara.

Darasi na 2: Sa allura

Nan ne wurin da mutane suka fi faɗuwa, saboda haka za mu daɗe a nan.

Ku ɗauki allura ku duba kanta mai kauri. Ku murza ta tsakanin yatsu. Za ku ji gefe ɗaya a shafe yake, sauran a zagaye. Yanzu ku bi jikinta da farce ta wancan gefen mai zagaye. Akwai dogon tsagi da ya sauko har kafar allura. A cikin tsagin nan zare yake kwanciya lokacin da allura ta huda yadi. Abu biyu ke nan: shafaffen gefe da dogon tsagi. Suna baya da baya.

Ku juyo wili har sandar allura ta kai ƙarshen hawanta. Ku sassauta ɗan notin da ke riƙe allura. A Butterfly da ire-irensa, shafaffen gefe yana kallon dama, wajen wili, tsagi yana kallon hagu. Ku tura allura sama har ta tokare, ta ƙi ƙara gaba. Sai ku ɗaure notin da sukuddireba.

Mu sake. Shafaffen gefe dama. Tsagi hagu. Tura ta sama har ta tokare. Ɗaure.

Akwai wasu tsofaffin Singer da ake sa musu allura akasin haka, shafaffen gefe yana kallon hagu. Ga yadda za ku gane naku: ku dubi 'yar ƙugiyar ƙarshe da zare yake bi dab da allura. Gefen da zare yake saukowa, can tsagi zai kalla, kuma ta gefen tsagi zare yake shiga kafar allura. Wannan ƙa'ida ba ta canzawa.

Me ya sa nake nanatawa? A ƙarƙashin keke akwai ɗan tsinin ƙarfe da yake zuwa ya ɗauki zaren sama ta wajen shafaffen gefen allura. In allura ta juya, ko ba ta kai sama ba, tsinin zai wuce bai sami zare ba. Sai ɗinki ya riƙa tsallake, ko zare ya yi ta tsinkewa, ko ya ƙi kamawa sam. Sau da yawa a aji ana ce mini, "Malama, keken nan fa sai an kai wa makaniki." In je in duba, in tarar allura ce a juye. In ce, "Inna, cire ta ki shafa da yatsa, ina shafaffen gefen?" Nan take keke ya tashi.

Ku cire allurar da kuka sa yanzu. E, ku cire ta. Ku sake sawa ba tare da duba littafi ba, kuna faɗa da baki: shafaffen gefe dama, tsagi hagu, sama har ta tokare. Madalla. Ku ƙara yi sau biyar. Wanda ido ya yi masa rauni ya dogara da farce, farce ba ya ɓata tsagi.

In za ku sayi allura a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko wani shagon kayan teloli, ku ce ta keken gida, mai shafaffen gefe. A jikin takardarta ana rubuta HAx1 ko 15x1. Ta babban keken lantarki na shago kanta a zagaye yake duka, ba za ta zauna daidai a naku ba. Lamba 14 ta atamfa ce da yadi matsakaici, 16 ta yadi mai kauri irin kaki, 18 ta jins, 11 kuma ta yadi shara-shara irin na gyale. Allurar da ta lanƙwashe ko ta dakushe, a yar da ita inda yara ba za su taka ba.

Darasi na 3: Zaren sama da na ƙasa

Kafin ku taɓa zare, ku ɗaga madannin yadi. In yana ƙasa, faifan nan biyu na tenshan, wato masu daidaita tsaurin zaren sama, a matse suke, zare ba zai shiga tsakaninsu ba.

Ku ɗora zare a kan tsinkensa na sama. Ku ja shi zuwa hagu ya bi ta 'yar ƙugiyar farko, ya sauko ya ratsa tsakanin faifai biyu, ya kama 'yar siririyar wayar da ke gefensu, ya hau ya shiga hudar ɗan hannun nan mai hawa da sauka, ya sake saukowa ta ƙugiyoyin ƙasa. Sai allura. Ta ina zai shiga? Ta gefen tsagi. Daga hagu zuwa dama a Butterfly. Kafin ku zura, ku kai farce ku tabbata tsagin yana hagu.

Zaren ƙasa a kwarkwaro ake naɗa shi, kwarkwaro kuma ya shiga ƙoshiya. In za ku naɗa, ku sassauta farin marfin da ke tsakiyar wili don allura ta daina motsi, in kun gama ku ɗaure shi. Kada kwarkwaro ya cika har ya tumbatsa. Ku sa shi a ƙoshiya, ku ja zare ta tsagar gefe ya shige ƙarƙashin ɗan shafaffen ƙarfen da ke jikin ƙoshiyar. Ku tura ƙoshiya mazauninta, ƙahonta ya faɗa gurbinsa na sama, har ku ji ƙas. In ba ku ji ba, ba ta zauna ba.

Ku riƙe bakin zaren sama da hannun hagu, ku juyo wili sau ɗaya, allura ta sauka ta hau. Ku ja a hankali, zaren ƙasa zai leƙo. Ku kwantar da su biyun zuwa baya, ku sa ƙyalle, ku sauke madanni.

Kada ku ja yadi. Haƙoran da ke ƙarƙashin madanni su ne masu tafiyar da shi, naku kawai saiti. Jan yadi shi ke karya allura.

In zare ya taru cunkus a ƙasan yadi, laifin zaren sama ne, ko da yake a ƙasa kuka ga ɓarnar. Ku zare shi duka ku sake bi da shi, madanni a ɗage. In zaren ƙasa yana fitowa sama, tenshan ya yi tsauri, ku sassauta kaɗan. Amma don Allah ku daina kai hannu kan notuna da zarar ɗinki ya ɓaci. Na gaji da ganin keken da aka kwance masa komai, har ɗan notin ƙoshiya ya ɓata, alhali allura ce kawai a juye. Manya ne ku, kun riƙe gidaje, wannan bai fi ƙarfinku ba. Allura tukuna. Shafaffen gefe dama, tsagi hagu, sama har ta tokare. Sannan zare. Noti shi ne na ƙarshe.

Darasi na 4: Mai da shara

Man keke kaɗai, fari mai ruwa-ruwa. Ban da man gyaɗa, ban da manja, ban da baƙin mai. Waɗannan daskarewa suke yi su zama kamar ƙaro, su riƙe keke. Na faɗa a aji, ina kuma faɗa a rubuce, kuma na san akwai wanda zai sa duk da haka.

Ɗigo ɗaya a kowace huda da ke saman keke, ɗaya a sandar allura, ɗaya a mazaunin ƙoshiya. Ku kwantar da kan keke baya, ku ɗiga duk inda ƙarfe yake gogar ƙarfe. Mai ɗinki kullum ya riƙa sawa kullum, mai yi jefi-jefi ya sa duk ranar da zai zauna aiki. Bayan sa mai a fara ɗinka tsumma, kada a ɓata kayan mutane.

Da hunturu ƙura takan cika keke. Ku kwance farantin da ke kan haƙora, ku share da tsohon buroshin haƙori. Keken da ya daɗe a ajiye har wili ya ƙi juyawa, a ɗiga masa kananzir ya kwana, a juya a hankali, a goge, sannan a sa mai.

Darasi na 5: Bel

In kuna taka feda wili yana santsi, bel ya saki. Ku buɗe 'yar wayar da ta haɗa bakinsa, ku yanke kaɗan, ku huda sabon rami, ku mayar. Kada ya yi tsauri, feda za ta yi nauyi.

Darasi na 6: Ajiya

Ku sa ƙyalle a ƙarƙashin madanni ku sauke shi. Ku rufe keke. Da damina a janye shi daga jikin bango mai danshi saboda tsatsa. A hana yara wasa da feda.

Aikin gida: kowa ya ɗinko layi uku a kan ƙyallen atamfa, ya zo da shi aji tare da allurarsa.