Yadda za ku bi sawun kuɗin komin ɗinku, tun daga Yawunde har bakin foraj

Jama'a salamu alaikum. Wannan rubutun na yi shi ne don masu kwamitin unguwa da matasan ƙauye da ke ta sintiri a ƙofar meri, wato ofishin komin, ƙaramar hukuma a nan Kamaru, kan maganar foraj (rijiyar burtsatse) ko ajin makaranta ko kwalbati, kullum a ce musu ba kuɗi ku dawo. Mu ma mun yi wannan sintirin shekara biyu cur, in Maris ya kama matanmu tun asuba suke fita da jarkoki suna tonon yashin mayo, wato busasshen rafi, su jira ruwa ya tsattsafo su kwasa da ƙwarya, mu kuma maza mu sa manyan riguna mu je mu gaida mer, wato magajin gari, mu dawo da "in sha Allahu". Sai da wani dattijo da ya yi aiki a ofishin kuɗi na wata komin har ya yi ritaya ya zaunar da ni a zaurensa, ya ce min: "Ɗana, kuɗin meri ba a aljihun mer suke ba, a takarda suke. In aikinku bai shiga takarda ba, ko mer ƙanin babanka ne ba abin da zai iya maka." Na ce Baba to wace takarda? Abin da ya koya min da wanda na koya daga baya shi zan juye muku.

Da farko ku san ina kuɗin ke fitowa, don in ba ku san haka ba kowa ma sai ya juya ku. Kamaru na da komin 360, ga kuma manyan birane 14 irin su Garwa, Marwa da Ngaundere da ke da magajin babban birni a sama sannan ƙananan komin a ƙarƙashi, kamar yadda Garwa ta kasu uku. Abin da komin ke tarawa da hannunta, kuɗin rumfa da tikitin kasuwa, na tasha, na kara inda ake cinikin shanu, tambur na meri, bai taka kara ya karya ba a yawancin ƙauyukanmu na arewa. Babban kason daga sama yake zuwa. Akwai wanda ake kira CAC, wato kashi 10 cikin ɗari da ake ɗorawa kan wasu harajin gwamnati, shi ya sa TVA, harajin da ake biya kan sayen kaya, da ke kashi 17.5 ya zama 19.25, wannan ɗan ƙarin na komin ne, kuma FEICOM, bankin komin-komin da aka kafa tun 1974, shi ke raba wani kaso nasa bisa yawan jama'a. Kenan duk wanda ya sayi siminti ko katin waya ya zuba nasa a asusun nan, ba sadaka ake mana ba, ni wannan maganar ita ta fara cire min kunyar tambaya.

Sai kuɗin da doka ta tilasta wa gwamnati ta sakar wa komin da jihohi. Dokar ita ce mai lamba 2019/024 ta ranar 24 ga Disamba 2019, ku haddace lambar nan kamar lambar wayarku. Ta ce rabon da ake ware musu kada ya gaza kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa. Magadan gari sun daɗe suna kukan cewa abin da ke isowa bai kai haka ba, kuma ko wanda aka amince da shi sai ya bi ta baitulmali, ya yi ta jinkiri wata da watanni, don haka in mer ya ce muku kuɗi ba su sauko ba, ba kullum ne ƙarya yake ba. Amma tun 2019 kowace komin ana ware mata miliyan 100 na sefa a shekara don ayyukan gine-gine, banda abin da ma'aikatu irin ta ilimin firamare da ta lafiya da ta ruwa ke turowa a cikin BIP, wato kasafin ayyukan gwamnati. To tambayar da ta dace ba "akwai kuɗi?" ba ce, a'a, ku ce na bana a wane ƙauye aka sa su.

Yanzu aikin. Abu na farko ku nemi PCD, tsarin raya komin, wani kundi ne mai kauri da aka rubuta yawanci da taimakon PNDP, wani shirin gwamnati na raya karkara, an zaga ƙauye-ƙauye an tambayi mutane buƙatunsu. Ku buɗe ku nemo sunan unguwarku ko ƙauyenku. Mu da muka duba namu sai muka tarar ai foraj ɗinmu babu shi sam, ranar da masu rubutun suka zo duk muna gona, 'yan tsirarun da aka samu suka faɗi abin da ya zo bakinsu. Shekara biyu muna roƙon abin da ba a taɓa rubutawa ba! Na ji zafin abin nan ƙwarai, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

In an ce ba za a nuna muku ba fa? A nan ne sashe na 40 na waccan dokar zai yi muku rana. Ya ba duk mazaunin komin ko mai biyan haraji a cikinta damar ya nemi ganin kasafin kuɗi, da rahoton zaman majalisa, da tsarin raya komin, da lissafin abin da aka kashe, har ya ɗauki kwafi da kuɗinsa. Kuma ya ba kowa damar kai wa mer shawara kan ci gaban gari. Amma kada ku je da baki. Ku rubuta wasiƙa da Faransanci, a nemi ɗan makaranta mai kyan rubutu ko malamin lekol, a ambaci sashen, a manna tambur, a yi kwafi biyu, ɗaya ku ba sakatariya ɗaya kuma ku ce a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata ku riƙe. Wannan kwafin mai hatimi shi ne makaminku. Namu a leda muka sa shi cikin akwatin limamin unguwa don kada gara ta ci, kuma duk sanda muka koma meri da shi muke zuwa.

Na biyu, lokaci. Wannan shi ne inda mafi yawanmu ke faɗuwa. Shekarar kuɗi daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba take, majalisar komin kuma a ƙarshen shekara take zama ta amince da kasafin baɗi, amma zaɓen ayyuka tun tsakiyar shekara ake fara shi. Mu kuwa sai ƙishi ya kama mu a Maris da Afrilu muke tuna meri, alhali an riga an raba komai tun bara. Ku kai buƙatarku da damina, lokacin da ruwa ke ko'ina kuma ba wanda ke tunanin foraj, sa'annan ne ake rubuta wanda zai sha da rani.

Ku kama konseye ɗinku, wato wakilin da kuka zaɓa a majalisar komin, shi ke da ƙuri'a a zaman kasafi. Kada ku tsallake jauro ko lawan kuma, ku je da ladabi ku ce ranka ya daɗe ga abin da muke nema muna so ka sa mana hannu, domin ko filin da za a haƙa foraj ɗin sai da yardarsa, kuma aikin da ba shi da takardar fili da ƙiyasin kuɗi sau da yawa ana ture shi gefe a ce shirinsa bai kammala ba. Zaman majalisa a buɗe yake ga jama'a, ba za ku yi magana ba amma za ku zauna ku ji. Ku je ku biyar ko goma, har da mata, su ne masu ɗaukar ruwan. Ranar da muka je da iyayenmu mata uku suka zauna a bencin baya, ɗayarsu da goyo, wallahi yadda aka yi maganar unguwarmu ya bambanta.

Bayan majalisa ta amince sai firefe, wato babban jami'in mulki na yankin, ya duba ya sa hannu, shi ne idon gwamnati a kan komin. Dokar ta kuma ce aƙalla kashi 40 na kasafin ya tafi ga ayyukan gini, albashi da man mota da sauran hidimar ofis kada su wuce 60, ku ɗan lissafa da kanku in kwafin ya zo hannunku.

A farkon shekara ma'aikatar tsare-tsare kan fitar da kundin ayyuka, wanda ake kira jurnal de froje, a ciki za ku ga aiki kaza, wuri kaza, kuɗi kaza. Ku nema a meri ko ofishin firefe ko a intanet, ku ɗauki hoton layin da sunanku yake ku tura a guruf ɗin unguwa na WhatsApp kowa ya gani. Abin da mutum ɗari suka gani da wuya ya canja ƙauye cikin dare.

Sannan in ɗan kwangila ya zo kada ku koma gida ku kwanta, nan ne ma aikinku ya fi yawa. Ku duba allon da ake kafawa a bakin aiki, yana nuna wa ya ba da aikin, daga wace hanya kuɗin suka fito, sunan kamfani da wa'adin gamawa. A sa mutum biyu su riƙa leƙawa kullum da ɗan littafi. In foraj ne ku tambayi mita nawa aka nutsa, ku tsaya a gwada ruwan a gabanku a ga ko yana ɗorewa, don foraj da aka haƙa a ƙarshen damina kan yi ruwa kamar gaske sai Afrilu ya zo ya ƙafe. In aji ne ku kalli bulo, ku murza shi da yatsa, wanda aka yi wa rowar siminti da kansa zai zube. Abin da kuka gani ku rubuta wa mer tun kafin ranar karɓar aiki, da kwafi mai hatimi kamar kullum. Ana karɓar aiki sau biyu ne, na wucin gadi da na ƙarshe, kuma a tsakani akan riƙe wa ɗan kwangila wani kaso na kuɗinsa yawanci har shekara guda, in fanfo ya lalace a cikin wannan lokacin shi zai gyara ba ku ba, kada ku yi saurin yin karo-karo.

Namu foraj ɗin a shekara ta biyu bayan wasiƙar ya fito. Tun ranar da aka miƙa mana muka kafa kwamitin kula da shi, kowane gida na ba da ɗan abu duk wata ana ajiyewa don roba da sauran kayan gyara, makullin kuma yana hannun wata gwaggonmu da gidanta ke kallon wurin, ita ke buɗewa bayan sallar asuba ta rufe bayan isha'i. Yanzu wasiƙar rufin aji biyu na firamare muke rubutawa, muna so ta shiga kafin ƙarshen Yuni.