Kurakuran da Aka Fi Yi da Kyamarar Waya a Teburin Gyara

Masu gyaran waya a Computer Village da ke Ikeja, da 'yan'uwanmu masu shaguna a Agege da Idi-Araba, sun san cewa kyamara tana cikin abubuwan da aka fi dawowa da ƙorafi a kansu bayan gyara, kuma galibin ɓarnar tana faruwa ne saboda rashin sanin yadda aka ƙera ta. Abin da ido ke gani a bayan waya murfin gilashi ne kawai. A ƙarƙashinsa akwai ruwan tabarau guda 5 zuwa 8 da aka jera a cikin ɗan bututu, mafi yawansu na roba, waɗanda kamfanoni irin su Largan na Taiwan da Sunny Optical na ƙasar Sin suke zubawa. Kaurin waya bai cika wuce milimita 8 ko 9 ba, saboda haka dole masu zane su cusa wannan jeri duka a wuri ƙanƙane, inda gocewar 'yan maikiron kaɗan (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) ta isa ta ɓata hoto.

Kuskure mafi muni shi ne buɗe bututun domin share ƙura. A masana'anta, na'ura ce take saita jerin a kan sansa, wato faifan da ke karɓar haske, tana duban hoton da ke fitowa tana gyara zaman har ya yi daidai, sannan a ɗaure shi da gam. Wanda ya kwance wannan da hannu ba zai iya mayar da shi yadda yake ba, ko da shi ne gwanin layinsu, kuma sakamakon da aka saba gani shi ne hoton da gefe guda ya fito tas, ɗaya gefen kuma dishi-dishi. Abin da ya dace shi ne a fara gano inda dattin yake. A ɗauki hoton farin bango: idan baƙin tabo ya tsaya wuri guda a kowane hoto, ƙurar tana can ciki kusa da sansa, kuma maganinta sauya kyamarar gaba ɗaya. Idan kuwa hazo ne ya rufe hoton duka, musamman in an fuskanci fitila, to yawanci maiƙo ne ko ƙarcewa a murfin waje, wanda gogewa ko sauyawa ke wadatarwa.

Zafi da sinadarai suna biye. Tun da ruwan tabarau na roba ne, iskar zafin da ake narka dalma da ita a kan injin waya tana iya lanƙwasa shi ba tare da an ga alama a waje ba, don haka a cire kyamara a ajiye gefe kafin a kunna hita. Tina, wato sinadarin da ake tsinka fenti da shi, tana cin robar, tana kuma ɓata shafin da aka yi mata domin rage ƙyalli. Sufa gulu ma masifa ce a wannan wuri, domin tururinsa yana barin farin hazo a kan gilashi idan ya bushe. Murfin kyamara da ya fashe, da zoben gam na musamman da aka yanka daidai girmansa ake maƙala shi.

Akwai kuma masu ɗaukar kyamarar wata waya su dasa a wata saboda bakin jonawar ya shiga. Shigar baki ba ta nufin dacewa. Saboda gajartar jerin, haske yana faɗawa gefunan sansa a karkace ƙwarai, kuma an ƙera kowane sansa ne domin ya karɓi karkatar da ta dace da nasa ruwan tabarau. Bayan haka, kyamarori da yawa suna ɗauke da bayanan saiti daga masana'anta, waɗanda manhajar waya take karantawa domin ta haskaka kusurwoyin hoto ta kuma daidaita launi. Idan aka haɗa waɗanda ba nasu ba, sai kusurwoyi su yi duhu ko launin gefe ya koma kore ko ja-ja. A duba lambar da ke jikin kyamarar, kada a tsaya ga sunan waya, domin samfuri guda yakan fito da kyamarori daban-daban.

Wani lokaci mai waya yakan zo da ƙorafin cewa wani abu yana kaɗawa a ciki idan ya girgiza ta. Sau da yawa wannan ba lalacewa ba ce, domin a wayoyin da ke hana rawar hoto, jerin ruwan tabarau yana rataye ne a kan siraran wayoyin ƙarfe, maganaɗisu yana motsa shi. Wanda ya ɗiga gam domin ya tsayar da ƙarar ya kashe saitin hoto ke nan. Abin da ke lalata wannan sashe da gaske shi ne jijjiga mai ɗorewa, kuma a 2021 kamfanin Apple ya gargaɗi masu iPhone game da ɗaura ta a kan babur mai ƙarfin inji. Wannan gargaɗi ya shafi matasanmu masu kai saƙo a babur a Legas, waɗanda ke ɗaure waya a kan hannun babur su bi taswira tun safe har dare. Mariƙi mai shanye jijjiga ya fi, ko a ware ƙaramar waya domin aikin.

Masu sayarwa kuma su daina auna kyamara da yawan megafiksel kaɗai. Galaxy S20 Ultra ta 2020 tana da megafiksel 108, wato ɗigo miliyan 108 a kan sansa, faɗin kowane ɗigo maikiron 0.8, alhali ɗigon haske mafi ƙanƙanta da ruwan tabaraunta mai buɗewar f/1.8 (ma'aunin ƙofar da haske ke shiga) yake iya tarawa ya kai kimanin maikiron 2.4. Wayar ma takan haɗa ɗigo 9 su zama guda, ta fitar da hoton megafiksel 12. Girman sansa da ingancin ruwan tabarau sun fi wannan lamba tasiri.

Danshin Legas yana da nasa rabon. Wayar da aka buɗe aka rufe da tsohon gam ba ta ƙara hana laima shiga, kuma mai ita yana fita daga ofis mai sanyin na'ura zuwa zafin titi sai raɓa ta kwanta a cikin murfin kyamara. Duk lokacin da aka buɗe bayan waya, a kankare tsohon gam tsaf, a hura ƙura da ɗan famfon roba, kada a hura da baki, sannan a sa sabon gam a danne shi ya kama kafin a miƙa wa mai ita.