Taliya da gasassun kayan lambu irin ta Bahar Rum: inda ake yawan ɓata ta

A kudancin Italiya da tsibirin Sisili, taliya da gasassun kayan lambu abincin ranar aiki ne. A yanka yalon turawa, tattasai, albasa da tumatir, a shafe su da man zaitun, a saka a obin, kafin su gasu an dafa taliya, a juye wannan cikin wancan, shi ke nan. Minti 40 ya isa. Amma da yawa daga cikin masu gwadawa a kicin ɗinmu sai su tashi da caɓaɓɓiyar taliya a sama, tsululun ruwan kayan lambu kwance a ƙasan faranti, ba ƙamshi ba armashi, har a yanke hukunci cewa dama abincin Turawa lami ne. Dalili kuwa, hannunmu ya saba da dafa-duka da taliya da miya, inda ruwa ke haɗa kan komai. Shi wannan girki so yake a kori ruwan da ke jikin kayan lambu, a kuma ririta wanda taliya ta dahu a ciki. Mu kuma sai mu yi akasin haka, mu bar na korar, mu zubar da na ajiyewar.

Cika tire har ya yi tozo

Nan ne aka fi faɗawa, uwargida, kuma idan aka faɗa babu abin da zai gyara daga baya. Yalon turawa fiye da kashi 90 cikin 100 na jikinsa ruwa ne, zukini, wata 'yar koriyar kabewa mai kama da kokwamba, ma ya fi shi. Ruwa a digiri 100 na ma'aunin Celsius yake tafasa, muddin kuma yana kwance a jikin abu, zafin wurin ba zai wuce nan ba. Launin nan na gashi, mai ruwan ƙasa-ƙasa da ɗan zaƙi da ƙamshi, ba ya fara fitowa sosai sai zafi ya haura wajen digiri 140, abin da wani masanin Faransa mai suna Louis-Camille Maillard ya fara bayani a kai a 1912. To idan kika jibge kayan wani kan wani, tururin na ƙasa ya rasa hanyar fita, sai ya turara na sama. Bayan rabin awa ki buɗe ki tarar sun yi laushi, sun koɗe, suna iyo cikin ruwansu. Sulalawa kika yi, a obin.

Ki duba mai tsire da yamma: ba ya tara tsinke a wuri guda, jera su yake kowanne da rabonsa na wuta. Haka za ki yi. Shimfiɗa ɗaya tak, da ɗan fili tsakanin yanka da yanka yadda za ki riƙa hango ƙasan tiren. Idan kayan sun yi yawa, tire biyu, ko ki gasa kashi-kashi. Kada ki rufe da takardar foyil. Bayan wanki ki tsane su da tawul mai tsabta kafin mai ya taɓa su, don jiƙaƙƙen tattasai ba ya karɓar mai.

Sai wuta. Ki kunna obin ya yi minti 15 yana ɗaukar zafi, a kai digiri 220, kuma ki bar tiren a ciki ya yi zafi tare da shi. Yawancin obin ɗin gas na gidajenmu ba su da ma'aunin da za a dogara da shi, don haka kunnenki ne ma'auni: idan kika juye kayan a tire ba ki ji cuu ba, bai yi ba. Juyi ɗaya ya wadatar, bayan kamar minti 15, sannan ki bar su su ƙarasa zuwa minti 25 ko 30. Leƙe-leƙen nan na kowane minti biyar zafi kawai yake fitarwa. Kuma kada baƙi-baƙin da ke bakin albasa da gefen tattasai ya tsorata ki har ki yi saurin saukewa, shi ake nema.

Wadda ba ta da obin ba ta rasa komai ba. Raga a kan garwashin gawayi ta fi obin ba da ƙamshi ma. Ki yanka yalo da zukini a tsaye, fale-fale masu ɗan kauri, ki shafa mai ki jera. Tattasai kuwa ki ɗora shi ɗungurungum har fatar ta ƙone ta yi baƙi, ki jefa a kwano ki rufe minti 10, fatar za ta saɓule da yatsa. Kada ki wanke shi a famfo don cire baƙin, ƙamshin hayaƙin ne zai bi ruwa.

Ba kowane kayan lambu ne sa'an wani ba

Karas da kabewa sun fi tauri, sai su riga shiga da minti 10, ko a yanka su ƙanana. Yalo, zukini da tattasai a yi musu yanka kusan ɗaya, kamar girman gaɓar babban yatsa. Albasa a yanka ta ɓari-ɓari, siririya ƙonewa take yi kafin sauran su nuna. Tumatir shi ne mai jiƙa maƙwabta, don haka ki raba shi biyu, ki ɗora fuskar yankan tana kallon sama, a gefe guda na tiren. Dogon tumatir ɗin nan mai tauri da ake nomawa da rani a wurare irin su Kadawa ya dace ƙwarai, ruwansa kaɗan ne, tsokarsa da yawa.

Tafarnuwa kuma kada ki daka ta ki barbaɗa tun farko. A wannan zafin, cikin 'yan mintoci ta ƙone, ɗacinta ya bi tiren gaba ɗaya. Ki jefa ƙwayoyin da ɓawonsu, idan sun gasu ki matse, za su fito da laushi kamar man shanu, da zaƙi-zaƙi.

Yalo yana da nasa hali. Cikinsa soso ne, duk man da kika zuba zai shanye ya nemi ƙari. Wasu ganin haka sai su yi ta tuttulawa har ya zama tsumman mai, wasu kuma su hana shi, ya fito a bushe yana tauri kamar fata. Ki zuba kayan a babban kwano, cokali uku zuwa huɗu na mai ga tire guda, da gishiri, ki cuɗanya da hannu har kowane yanka ya yi sheƙi, sannan ki juye a tire. Yaryaɗa mai daga sama bayan an jera shi ke sa wani ya sha ya ƙoshi wani ya kwana da ƙishi. In kina da lokaci, ki barbaɗa wa yalon gishiri ki bar shi minti 20 zuwa 30 ya yi gumi, ki goge, zai rage shan mai. In sauri kike, ki tsallake, yalon turawa na yanzu ba shi da ɗacin da zai dame ki. Farin yalonmu ma yana yi, sai dai shi kam a ba shi gishirin. Dama yalo da taliya tsofaffin abokai ne a Sisili: Larabawa ne suka yaɗa noman yalo a tsibirin bayan shigarsu a 827, kuma a 1154 masanin ƙasa al-Idrisi ya rubuta cewa a garin Trabia, kusa da Palermo, ana yin taliya ana lodinta a jiragen ruwa zuwa ƙasashe. Har yau taliya da yalo da tumatir ita ce abin alfaharin birnin Catania, ko da yake su soya yalon suke yi.

Man zaitun da tsada, ba sai an faɗa ba. A ganina asara ce a ƙarar da mai kyau a cikin obin. Ki gasa da man girki wanda ba shi da ƙarfin ƙamshi, ki adana na zaitun cokali biyu don ƙarshe, ɗanye, inda za a ji shi a baki. Manja dai a bar shi ga taliya da yaji, can ne gidansa.

Tukunyar taliya

Kuskuren farko na lokaci ne. A dafa taliya tun kafin a yanka albasa, a tsane, a bar ta tana jira tana dunƙulewa. A Italiya kayan haɗi ne ke jiran taliya. Ki ɗora ruwa lokacin da tire ya shiga obin, ki zuba taliya sa'ad da ya rage minti 10 a sauke kayan lambu.

Gishiri a ruwan dahuwa ake sa shi, da hannu sake. Ƙa'idar da Italiyawa suka saba bi ita ce lita 1 ta ruwa da giram 10 na gishiri ga kowane giram 100 na taliya. Ga leda guda mai giram 500, lita 3 zuwa 4 ma ta isa, da gishiri kamar babban cokali biyu. Zai yi miki kamar ya yi yawa, amma mafi yawansa a ruwan zai tsaya. Taliyar da ta dahu ba gishiri, ko me kika barbaɗa mata daga baya, cikinta lami ne. Man da ake ɗigawa a ruwa wai don kada ta manne kuwa, a sama yake yawo, bai san abin da ake ciki a ƙasan tukunya ba. Abin da ke hana mannewa shi ne ruwa ya tafasa sosai kafin ki zuba, ki kuma juya a mintuna biyun farko.

Irin taliyar ma da magana. Guntaye, makaroni ko mai murɗe-murɗen nan, sun fi riƙe yankan kayan lambu, cokali ɗaya ya ɗauko komai. Da doguwa, sai ki ga taliya ta naɗe a cokali mai yatsu, yalo da tattasai sun zube sun taru a gindin faranti. In doguwar ce kawai a gida, ki yanka kayan sirara a tsaye su bi tsawonta.

Ki sauke ta saura minti biyu a kan abin da aka rubuta a leda. Ki ciro ɗaya ki gatsa: idan akwai ɗan farin ɗigo siriri a tsakiya, tana ɗan turjiya a haƙori, lokaci ya yi, don za ta ƙarasa a kasko. Tun 1967 dokar Italiya ta wajabta yin busasshiyar taliya da alkamar durum mai tauri, wadda ke jure wuta. Ba kowace taliyar kasuwa ce haka ba, wata tun kafin lokacin ledar ta saki jiki, don haka harshenki ya fi agogo. 'Yar murji tamu ta fulawa kuwa cikin 'yan mintoci take nuna, kuma ba ta jure juyin da ke tafe.

Yanzu ga babban laifin: a juye taliya a kwando, a sakar mata ruwan sanyi, a ɗauraye tas. Mun gaji wannan ne daga taliya da miya, inda ake son ta warware ɗaya-ɗaya. A nan kuwa sitacin da ke jikinta shi ne zai riƙe mai da ɗanɗano. Kin ɗauraye shi, kin kuma sanyaya ta, sai mai ya riƙa zamewa yana taruwa a ƙasa. Kafin ki tsane, ki ɗebi kofi guda na ruwan dahuwar nan mai fari-fari ki ajiye gefe, kuma kada ruwan famfo ya taɓa taliyar.

Wannan kofin shi ne miyar. Ki kwashe kayan lambu, ki zuba ludayi guda na ruwan a kan tiren tun yana da zafi, ki kankare abin da ya kama da cokalin katako, za ki ga ruwan ya koma ruwan ƙasa, ɗanɗanon gashin duk yana nan. Ki juye shi a babban kasko a kan wuta, ki murƙushe gasasshen tumatir da tafarnuwar a ciki, ki zuba taliya da man zaitun, ki yi ta juyawa da ƙarfi minti ɗaya zuwa biyu. Da farko za ki ga ruwa daban mai daban. Can sai su haɗe su yi kauri, taliyar ta ɗauki sheƙi, idan kika ja cokali a ƙasan kaskon ya bar hanya. Ta bushe, ƙara ruwan kaɗan. Sai a ƙarshe yalo da zukini su shiga, a juya a hankali don kada su dagargaje.

Hannu ya saba, da an ga tukunya sai a miƙa wa kori da tayim da dunƙule biyu. Ba haramun ba ne, amma abin da zai fito dafa-duka ce mai yalo, kuma wahalar gashin ta tafi a banza tunda ba za a ji ta ba. Gishiri, masoro, ɗan busasshen barkono, sun isa. Mutanen yankin Calabria na kudancin Italiya ma ba sa wasa da barkono, don haka mai son yaji ba ta saɓa wa kowa ba, rabin attaruhu a gasa shi tare da tattasai. Busasshen ganyen oregano tun kafin gashi ake sa shi. Ɗanyen ganye kuwa, basil ɗinsu ɗan'uwan ɗoɗɗoyarmu, ko na'a-na'a, sai an kashe wuta a yayyaga da hannu, in ya dahu baƙi yake yi ƙamshin ya gudu. Idan kin ɗanɗana kin ji kamar da saura alhali gishiri ya ji, tsami ne babu, matsa rabin lemon tsami.

A Sisili suna goga busasshen cuku mai gishiri a kai, a Girka su marmasa farin cukunsu da ake kira feta. Busasshen cukun da ake kawowa daga Nijar, a goge shi ko a daka, yana tsayawa a wannan gurbi. In babu, talakawan kudancin Italiya sun daɗe da dabara: a marmasa burodin jiya, a soya a ɗan mai da gishiri har ya yi ja yana ƙaras-ƙaras, a barbaɗa a faranti.

Kada ki zuba ta a kula ki rufe wai sai maigida ya dawo. Tururi zai ci gaba da dafa taliyar, ya kuma mayar wa kayan lambu ruwan da kika sha wahalar kora. Gasassun kayan suna iya jira awa guda ko biyu a buɗe ba abin da ya same su, ki bar ruwa a kan wuta, in ya yi sallama ki zuba taliya, kafin ya yi wanka an gama. Wadda ta kwana kuma kada ki ɗumama ta da ruwa. Ki yi yadda ake yi a birnin Napoli na Italiya: ki fasa ƙwai uku ko huɗu ki cakuɗa da ita, ki zuba a kasko da ɗan mai, wuta kaɗan-kaɗan har ƙasan ya yi ja, ki kife a faranti ki mayar ɗaya gefen, a yanka a ci da shayi.