Sun ce "za mu kira ka": yadda za ka riƙe kanka bayan antiretiyan

Ranar da na yi antiretiyan ɗina na huɗu, wato ganawar neman aiki, a buron wata ONG (ƙungiyar agaji mai zaman kanta) da ba sai na kama suna ba, matar da ke zaune a tsakiya ta tambaye ni yadda zan tsara rabon kaya a ƙauyuka goma da mota guda. Abin da na yi da hannuna wata shida lokacin estaj fa, amma na tsaya ina "donc... donc..." kamar wanda aka ɗaure wa harshe. Sai da na hau kabu-kabu muna wucewa ta bakin kasuwar Dole ta Zinder sannan faransancin ya dawo, jimla na bin jimla, mai mashin yana mini hirar tsadar esans ni kuwa ina can ina sake antiretiyan a cikin kaina. Na iso gida Inna tana tankaɗe a tsakar gida, ta ɗago kai ta ce "to yaya?" na ce sun ce za su kira. Na shiga ɗaki na kwanta da rigar gugata a jiki, har aka kira magariba ban fito ba.

In ka taɓa shiga wannan hali to da kai nake, ke ma ƴar'uwa har da ke. Ni ba likita ba ne, abin da na koya ne bayan na sha wannan kwanciyar ɗakin ya fi sau nawa.

Ranar farko dai kada ka yanke ma kanka hukunci, ko ƙanƙani. Dalili kuwa na jiki ne. Tun daren jiya ba ka yi barcin kirki ba, da safe ka kasa karyawa, jikinka ya cika da sinadarin adirinalin wanda ke sa gaba faɗuwa da tafin hannu gumi, kana fitowa daga buron sai abin ya sauka gaba ɗaya, ka ji kamar an zare maka laka. Ga yunwa ga rana, in lokacin zafi ne ma ta wuce digiri 40. Mutumin da ke cikin wannan yanayi in ya ce maka "ni ban iya komi ba, karatun ma banza na yi", yunwa ce da gajiya ke magana. Ka cire kayan gugar, ka watsa ruwa, ka sha fura ko ka ci abin da ya samu, ka yi salla, ka kwanta. Daren nan kuma ka rage shayi a fada, don rabin kafeyin ɗin da ka sha yana nan a jikinka bayan wajen awa biyar, kofin ƙarfe goma na dare shi ne zai tashe ka ƙarfe biyu kana kallon rufi kana tuna yadda ka ce "donc" sau bakwai.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne kaye, irin na ƴan lakwal. Da yamma bayan la'asar, in ka ɗan dawo hayyacinka, ka zauna minti ashirin ka rubuta duk tambayar da suka yi maka yadda ka tuna ta, a ƙarƙashinta abin da ka amsa, sannan abin da ka so a ce ka amsa. Kada ka rubuta "na yi shirme", wannan zagi ne ba bayani ba. Ka rubuta "tambayar bajet ta kayar da ni, ban iya kawo misali ba". Bambancin yana da girma walahi, na farkon ba abin da za ka yi da shi sai ɗauka a ka, na biyun kuwa aiki ne na kwana biyu ka gyara. Kuma dole ka sa abu biyu da ka yi daidai, ko da isowa kan lokaci ne da gaisuwa mai kyau, don zuciya ba za ta tuna maka su da kanta ba. Da ka gama ka rufe kayen. In tunanin ya dawo cikin dare, kuma zai dawo, ka ce mishi an riga an rubuta, gobe da safe a duba. Da farko abin ya yi mini kamar wasan yara, amma na lura kai yana maimaita abu ne don tsoron kada ya manta, da ya ga an ajiye a takarda sai ya sassauta.

Wani abin kuma, yadda kake ganin ka yi ba lalle ne haka suka gani ba. A 2018 wasu masu binciken halayyar ɗan Adam a Amurka sun haɗa mutanen da ba su san juna ba suka yi hira, daga baya aka tambayi kowa, sai aka tarar yawanci mutum yana zaton bai burge abokin hirarsa ba kamar yadda ya burge shi a zahiri. Kai kana jin bugun zuciyarka da rawar muryarka daga ciki, su kuwa mutum suke gani a kan kujera, wataƙila na goma sha biyu tun safe, ɗaya daga cikinsu ma tunanin abincin rana yake. Shirun da ka yi da kake jin ya kai minti biyar, da ƙyar in ya kai sakan goma.

To yanzu sai a raba kaya, naka da wanda ba naka ba. Nan ne nake ganin mutane suna faɗawa rami biyu. Wasu su ɗora ma kansu komi, wasu kuma su ce ai duk "wa ka sani wa ya san ka" ne, ba su da laifin komi, su koma fada su miƙe ƙafa. Gaskiya tana da ɗaci ta kowane ɓangare. Guraben aiki sun yi kaɗan, wannan ba ƙarya ba ne. Kowace shekara Jami'ar André Salifou ta Zinder da ta Yamai da sauran suna yaye masu lisansi da masta, ga waɗanda suka gama sarbis sibik (hidimar ƙasa) na shekara biyu suna zaune, ga kuma kuɗin ayyukan ONG da suka ja baya tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sannan a farkon 2025 Amurka ta dakatar da tallafin hukumarta ta agaji USAID, purojoji da yawa suka rufe, ma'aikatan da suka shekara goma suna aiki suka dawo layi ɗaya da kai wanda estaj kaɗai gare ka. Kujera guda, dosiye tuli. Akwai kuma gurbin da tun kafin a manna sanarwa an san mai shi, ana kiran mutane ne don a cika ƙa'ida. Duk wannan ba naka ba ne, kada ka kwana da shi. Amma in tambaya iri ɗaya ta kayar da kai sau uku a wurare uku, ɗan'uwa wannan taka ce, kuma albishir ne don ita ake iya gyarawa. Yadda aka kira ka ma, an zaɓo dosiyenka ne daga cikin tarin nan, wani ya karanta CV ɗinka ya ga ka cancanci a ɓata lokaci a kanka.

Maganar faransanci kuwa, ko da kundin mulkin Nijar na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, a buro har yanzu da faransanci ake yi maka tambaya, mu kuma a gida da kasuwa da fada Hausa muke yi wuni zubur. Harshen da ba ka motsa shi kullum in tsoro ya zo shi ke fara gudu. Ba rashin ilimi ba ne, rashin maimaici ne.

Sai gida, wanda ni a wurina ya fi buron wuya. Kuskuren da na yi a farko shi ne shela, Inna ta sani, Baba ya sani, Yaya ya faɗa ma abokansa, har maƙwabciyarmu ta yi mini addu'a a ƙofar gida, sai ya zama duk wanda na gamu da shi a lungu "ya labarin aikin?" kuma kowace tambaya kamar ana fama mini ciwo ne alhali su don ƙauna suke yi. Daga baya na koyi in faɗa ma iyaye kaɗai don albarkarsu, kuma in faɗa musu da sharaɗi: "Inna, irin wannan mu da yawa ake kira, mutum guda za a ɗauka, in akwai labari ni zan kawo miki da kaina." Ta gane sarai, ta daina tambaya, sai dai in ji tana sa ni a addu'a bayan asuba. Sauran jama'a kuma amsa guda ta ishe su, "muna jira, a taya mu da addu'a", ka wuce. Amma ka samu mutum ɗaya da za ka faɗa wa gaskiyar yadda kake ji, wanda zai saurare ka ba wanda zai ce maka kai ba namiji ba ne. Ƴan mata kuma na san naku ya ninka, don ana fara cewa "ai da aure kika yi", to ki nemi ƴar'uwa ko ƙawar da ta bi wannan hanya, ita za ta fahimce ki. Kuma a makon nan ka rage leƙen sitatus na WhatsApp da Facebook, abokin karatunka zai sa hotonsa da baj a wuya cikin farar mota, ba zai sa hoton dosiye goma sha biyar da aka yi watsi da su kafin nan ba.

Jira kuwa, Bahaushe ya ce rashin sani ya fi dare duhu. Tun a ɗakin antiretiyan, in sun ce kana da tambaya, ka tambayi yaushe ake sa ran sakamako, ka samu rana da za ka riƙe. In ranar ta wuce da kamar mako guda ka tura saƙo ɗaya gajere, ka gode musu, ka ce kana nan da sha'awar aikin, ka tambaya ko an yanke shawara. Ɗaya fa, ba kullum ba. Bayan nan ka ɗauka babu, in ya zo ya zama daɗi. Wurare da yawa ba sa kiran wanda ba su ɗauka ba sam, rashin tsari ne nasu, kuma ina ganin rashin kirki ne, mutum ya kashe jaka biyu ko uku a fotokopi da tambur da legalize da kuɗin mashin amma ko SMS a kasa tura mishi. Ni har caji nake hana wayata ƙarewa, baƙuwar lamba ta kira gabana ya faɗi, in ɗauka in ji mai neman wani Malam ne ya yi kuskuren lamba.

Maganin wannan shi ne kada antiretiyan guda ya zama shi kaɗai ne a gabanka. Kashegari ka nemi wata sanarwar, ka leƙa ANPE, hukumar samar da aiki, ka tabbatar katinka bai mutu ba, ka duba kaziyenka, takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta ka, don yawanci wanda bai wuce wata uku ba suke karɓa, ka ajiye kwafin diplom da nasiyonalite da aka yi wa legalize a cikin shamis ɗaya. Ranarka kuma ta samu tsari ko babu aiki. Bayan asuba kafin rana ta yi zafi ka taka da ƙafa rabin awa, ni ta cikin Birni nake bi in zagaya wajen duwatsun nan in dawo, motsa jiki yana ɗaga rai fiye da yadda ake zato. Ka riƙe wani abin yi ko ƙarami ne, koyar da yara darasi da yamma, tsaron shagon Yaya, koyon Excel a wurin wanda ya iya, abin da dai zai sa da dare ka ce yau na yi kaza. Addu'ar neman tsari daga damuwa da baƙin ciki da Annabi (SAW) ya koyar, ka riƙe ta safe da yamma.

Amma akwai inda abin ke wuce ɓacin ran kwana biyu. In ka kai mako biyu ko fiye kusan kullum ranka a ɓace, abin da ka saba jin daɗinsa ya fita ranka, barci ya ƙi ko ya yi yawa, abinci ba ya shiga, kana jin kai kaya ne a wuyan gidanku, wannan ciwo ne mai suna kuma yana da magani, ba raunin imani ba ne. Ka je CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, ko babban asibitin Zinder ka faɗa ma likita yadda ka faɗa ma kanka, ka nemi a haɗa ka da masu duba lafiyar ƙwaƙwalwa. In kuwa tunanin cutar da kanka ko barin duniya ya fara zo maka, ranar nan ba gobe ba ka faɗa ma wani na kusa ya raka ka asibiti. Don Allah kada ka karɓi ƙwayar da wani zai miƙo maka a fada wai ta cire damuwa, tiramol da ire-irenta awa kaɗan suke rufe abin, su bar ka da matsala biyu.

In an sake kiranka wani wurin sai ka ɗauko kayen nan. Ka ba aboki tambayoyin ya zauna a kan kujera ya ɗaure fuska kamar darakta, kai kuma ka amsa da baki da ƙarfi cikin faransanci, a sa agogon waya minti biyu kowace amsa, a yi ta har bakin ya saba. Za ku yi dariya a zagayen farko, ba komi. Tawa tambayar ta ƙauyuka goma da mota guda na maimaita ta a zauren gidanmu har ƙanena ya haddace amsar yana kwaikwayona. Waccan ONG ɗin dai har yau ba su kira ba.