Yadda za ka zaɓi kwamfutar hannu ta hanyar duba manhajojinta

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko Banex Plaza a Abuja, da niyyar sayen kwamfutar hannu, wadda 'yan kasuwa ke kira tab, ya san tambayoyin da ake farawa da su: inci nawa ne sikirin ɗinta, batirinta yana daɗewa, nawa ne kuɗinta na ƙarshe. Tambayoyi ne masu kyau, amma akwai wadda ya kamata ta riga su, wato wace babbar manhaja ce ke tafiyar da na'urar, kuma daga wane rumbu za ka riƙa sauke ƙananan manhajojin da za ka yi aiki da su. Dalili kuwa shi ne, idan batir ya yi rauni ana iya canza shi, idan gilashi ya fashe ana iya sa wani, amma babbar manhajar da na'ura ta zo da ita, da ita za ka zauna har ranar da ka rabu da na'urar.

Tarihin wannan kasuwa ya isa ya sa mutum ya yi hattara. Bayan kamfanin Apple ya fito da iPad a 2010, kamfanoni da dama sun yi rububin fito da nasu. A watan Yuli na 2011 kamfanin HP ya fara sayar da TouchPad mai aiki da babbar manhajar webOS, kuma kafin a cika wata biyu ya sanar da cewa ya daina yin ta. A wannan shekarar ce BlackBerry ya fito da PlayBook, ita ma ba ta yi nisa ba. Microsoft ya biyo baya da Surface RT a 2012, wadda take kama da Windows a ido amma ba ta karɓar manhajojin Windows da mutane suka saba da su, har ta kai a 2013 kamfanin ya bayyana asarar kusan dala miliyan 900 a kanta. Ta fuskar ƙira babu wadda za a kira banza a cikinsu. Abin da ya kayar da su shi ne masu rubuta manhajoji ba su bi su ba, waɗanda suka saya kuma aka bar su riƙe da na'urori masu kyau da rumbu babu kowa.

Saboda haka matakin farko a gida ake yin sa, kafin a je kasuwa. Ka ɗauki takarda ka rubuta ayyuka biyar ko shida da kake son yi da na'urar, sannan a gaban kowane aiki ka rubuta sunan manhajar da ake yin sa da ita, ka kuma bincika ko tana cikin rumbun Apple da ake kira App Store, ko na Google da ake kira Play Store, ko duka biyun. Sau da yawa wannan takardar kaɗai takan yanke hukunci. Ma'aikacin da ke tattara bayanai a ƙauyuka wa hukumar lafiya ko ƙungiyar agaji, wanda aka ce ya yi amfani da KoboCollect ko ODK Collect, ba shi da zaɓi sai Android, domin a can kaɗai waɗannan manhajoji suke. Mai zane da ya ƙwallafa rai a kan Procreate dole ya nemi iPad, tunda ba a yi ta don Android ba. Wanda kuwa aikinsa ya rataya a kan wata manhajar lissafin kuɗi ko ta zanen gini da ke gudana a Windows kaɗai, to ya duba Surface Pro ta Microsoft, mai aiki da cikakkiyar Windows, ko makamanciyarta, ko ma ya haƙura ya sayi laftof, wanda a ganina shi ya fi masa sauƙi da araha. Idan kuma abin da ke kan takardarka bai wuce karatun littattafai, da sauraren Alƙur'ani da tafsiri, da kallon YouTube, da halartar darasi ta Zoom ba, to kowane ɓangare zai biya maka buƙata, sai a koma kan sauran ma'aunai.

Ƙarfin iPad yana wurare biyu. Na farko, manhajoji da yawa an tsara su ne musamman don faɗin sikirin ɗinta, ta yadda rubutu da hotuna suke zama daidai, musamman tun 2019 da Apple ya ware mata babbar manhaja tata mai suna iPadOS. Na biyu, kamfanin yakan daɗe yana aiko mata da sabuntawa. Misali, iPad Air 2 da ta fito a 2014 ta samu iPadOS 15 a 2021, shekara bakwai ke nan bayan fitowarta. Wannan ne ya sa ta hannu ma take riƙe darajarta a kasuwa.

Sai dai akwai abubuwan da mai saye a ƙasar Hausa ya kamata ya sani tun kafin ya miƙa kuɗi, domin na ga mutane da yawa sun gano su bayan sun isa gida. iPad ba ta da wurin sa katin memori, don haka girman ma'adanar da ka saya da shi za ka ƙare, kuma bambancin kuɗi tsakanin ƙarama da babba ba kaɗan ba ne. Ba za ka karɓi manhaja daga wayar abokinka ta Xender ka ɗora mata kamar yadda aka saba a Android ba, komai sai ta App Store, wanda ke nufin sai da data ko Wi-Fi mai ƙarfi. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne batun layi: ko da iPad ɗinka tana karɓar sim, data kawai take ja da shi, ba ta kiran waya irin na yau da kullum, kuma ba za ka danna lambobin nan masu farawa da tauraro don tura kuɗi ko duba ragowar kati ba. Bugu da ƙari, iPad Air da iPad Pro da suka fito a 2024 ba su da ramin sim gaba ɗaya, eSIM kaɗai suke karɓa, wato layin da ake ɗorawa ba tare da kati ba. MTN da Airtel suna bayar da shi a Najeriya, amma yana da kyau ka tabbatar akwai ofishin da zai yi maka shi a kusa da kai. Ko WhatsApp, da rayuwarmu ta yau ta ɗoru a kansa, sai a watan Mayu na 2025 ya fito da manhajarsa ta iPad, shekara goma sha biyar bayan fitowar na'urar.

Android kuwa gida ne mai ɗakuna da yawa, kuma a nan ne ake buƙatar natsuwa. A sama akwai jerin Galaxy Tab S na Samsung, waɗanda suke zuwa da alƙalaminsu na S Pen a cikin kwali, alhali na Apple daban ake sayensa da kuɗi mai kauri. Samsung ya yi wa Tab S10 da ta fito a 2024 alƙawarin sabuntawa na shekara bakwai. A tsakiya akwai na Lenovo da Xiaomi da jerin Tab A na Samsung ɗin, sannan akwai na Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk mallakar kamfanin Transsion ne na ƙasar Sin, kuma babbar fa'idarsu ita ce masu gyara sun san su, kayan gyaransu ma ba sa wahalar samu. Yawancin waɗannan suna karɓar katin memori, da yawa daga masu sim ɗinsu kuma ana iya kira da su kamar waya, ko da yake wannan sai an gwada a shago, don ba duka ba ne. Rauninsu shi ne wasu manhajoji na waya ne kawai aka miƙar da su a kan babban sikirin, sannan masu arahar cikinsu sukan daina samun sabuntawa da wuri. Wannan na biyun ba ƙaramin abu ba ne, domin manhajojin banki sukan daina aiki a kan tsohuwar Android, sai mutum ya wayi gari na'urarsa lafiya lau amma bankinsa ya ƙi buɗewa. Saboda haka ka tambayi shekarar da samfurin ya fito da kuma lambar Android da ke kansa, kada ka tsaya a kan cewa sabo ne a kwali, don akwai sabon da ya shekara uku a kan kanta.

Akwai kuma tarkon da ya fi kama masu neman araha, wato na'urorin da suke kama da Android amma babu Google a cikinsu. Kwamfutocin Fire na Amazon an gina su a kan Android, amma rumbun Amazon suke amfani da shi, ba sa zuwa da Play Store, kuma an tsara su ne domin masu sayen littattafai da finafinai daga Amazon ɗin. Huawei ma, tun da gwamnatin Amurka ta sa masa takunkumi a watan Mayu na 2019, sababbin na'urorinsa ba sa zuwa da manhajojin Google, sai rumbunsa na AppGallery. Ƙirarsu tana da kyau ƙwarai, amma wanda aikinsa ke kan Gmail da Google Classroom da Drive zai sha wahala. Mai shago zai iya ce maka zai ɗora maka Play Store ta bayan gida, kuma wani lokaci yakan yi aiki, sai dai ni ba na ba da shawarar mutum ya ɗora karatunsa ko kasuwancinsa a kan dabarar da sabuntawa guda za ta iya rushewa. Ga ƙananan tab marasa sanannen suna, irin waɗanda ake tallatawa don yara, akwai gwaji mai sauƙi: ka buɗe Play Store, ka shiga saituna, ka gangara sashen bayani game da manhajar, a ƙasa za ka ga ko Google ya tantance na'urar ko bai tantance ba. Idan bai tantance ba, ka ajiye ta.

Bayan wannan sai ka dubi wayar da ke aljihunka. Manhajar da ka saya da kuɗi a Play Store ba za ta bi ka zuwa App Store ba, sai ka sake biya, haka ma idan aka juya. Mai iPhone zai ga hotunansa da bayanansa sun bayyana a iPad ta iCloud ba tare da wahala ba, mai wayar Android kuma asusunsa na Google zai kwaso masa komai zuwa sabuwar tab ɗinsa. Ana iya haɗa ɓangarorin biyu, mutane da yawa suna yi, amma sai an yarda da ɗan ƙarin aiki wajen tura fayil. Idan akwai manhajar da za ka riƙa biya duk wata, ka tabbatar katin bankinka yana wucewa a rumbun tun kafin ka saya.

Sai a wannan gaɓar ne ya dace a yi maganar ƙarfe da gilashi, kuma ba ta da tsawo. A Android kada ka sauka ƙasa da gigabait 4 na RAM, wato ƙwaƙwalwar da na'ura ke gudanar da manhajoji da ita, ma'adana kuma 64 ita ce mafi ƙaranci, 128 ta fi kwanciyar hankali ga mai tara bidiyon darussa saboda tsadar data. Ka fifita mai cajin USB-C, domin a inda wuta ba ta tsayawa, samun damar aron cajar kowa ko jona ta da fawabank abu ne mai amfani kullum. Apple ma ya koma wannan caji a iPad Pro tun 2018, a iPad ta gama-gari kuma tun 2022, don haka tsofaffin ne kawai ke buƙatar wayar caji ta daban.

Mai sayen ta hannu yana da ƙarin aiki guda wanda bai kamata ya ɗaga ƙafa a kansa ba ko da mai shagon ɗan'uwansa ne. Tun 2013 Apple ya sa makullin da ke ɗaure na'ura da asusun iCloud na mai ita, Android ma tana da irinsa da ke neman asusun Google na baya idan aka goge na'ura. Idan mai ita na farko bai cire asusunsa ba, abin da ka saya ba zai buɗu ba. Hanyar kariya ita ce a goge na'urar gaba ɗaya a gabanka, a kunna ta, a jona ta da intanet, ka shigar da asusunka da hannunka har ta kai ka shafin farko. Ka lura kuma ko za ta nuna cewa wata makaranta ko wani kamfani ne ke kula da ita daga nesa, domin da yawa daga waɗanda ake shigowa da su daga Turai da Amurka daga irin waɗannan wurare suka fito, kuma masu su na iya kulle su ko hana sauke manhaja. Ka duba lambar samfurin a cikin saituna ka bincika shekararta, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar.

Idan yara za a saya wa, duka ɓangarorin suna da hanyar sa ido, Family Link a Android da Screen Time a iPad, kuma gara a saita su a ranar farko kafin yaro ya saba da sakewa. Kafin ka bar shagon kuma, ka zauna minti goma ka sauke biyu ko uku daga manhajojin da ke kan takardarka, musamman ta banki da ta aiki, ka ga sun buɗe. Idan kana rubutu da Hausa, ka ɗora allon rubutun da ka saba da shi, kamar Gboard, ka rubuta jimla mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, ka buɗe littafi guda na PDF mai shafuka da yawa ka ga yadda take juya su, sannan ka fito da ita bakin ƙofa ka duba ko ana iya karanta sikirin ɗin a cikin hasken rana.