Yadda ake fitar da jadawalin lambobi zuwa fayil don gnuplot ya zana shi

A ce kana da jadawalin ruwan saman Tawa daga 1991 zuwa 2020 cikin Octave, MATLAB ko Python. Layi 30 ne a kwance, uku a tsaye: shekara, ruwan Yuli, ruwan Agusta. So kake gnuplot, manhajar da ke mayar da lambobi zane, ya zana. Abin da yake buƙata bai da yawa, kowace shekara da layinta, fili tsakanin lambobi, shi ke nan.

A Python, da NumPy (np), layi ɗaya ya isa, in sunan jadawalin A ne:

np.savetxt('ruwa.txt', A, fmt=['%d','%.1f','%.1f'], header='shekara yuli agusta')

Kada ka bar fmt, wato tsarin rubuta lambobin, a yadda ya zo. Na asalin shi ne %.18e, sai ka ga shekara ta koma 1.991000000000000000e+03, fayil ya kumbura a banza. Kan jadawalin kuwa NumPy zai sa masa # a gaba, gnuplot kuma tsallake irin wannan layi yake yi.

A Octave da MATLAB:

f = fopen('ruwa.txt','w');
fprintf(f, '%d %.1f %.1f\n', A.');
fclose(f);

Lura da A.' ɗin nan. Su waɗannan biyun daga sama zuwa ƙasa suke karanta jadawali, layin tsaye bayan layin tsaye. In ka ba fprintf A kai tsaye, layin farko zai fito 1991 1992.0 1993.0, kuma babu gargaɗin da zai yi maka. Juyawar ce ke mayar da kowace shekara gefen ruwanta. Mai amfani da dlmwrite ko csvwrite a MATLAB shi ma ya yi hattara, lambobi biyar kawai suke riƙewa in ba a faɗa musu ba: 123456 zai koma 1.2346e+05, sauran sun tafi.

Inda aka fi yin tuntuɓe a nan Nijar shi ne waƙafi. Kwamfutocin ofisoshinmu, daga Yamai har Tawa, yawanci da Faransanci aka saita su, don haka Excel da LibreOffice suna rubuta 187,5 inda gnuplot ke jiran 187.5. Ka fitar da fayil lafiya lau, abokin aiki ya buɗe shi a Excel don ya gyara lamba ɗaya, ya adana, duk ɗigon ya zama waƙafi. Mugun abin, gnuplot ba ya ƙin karantawa. Yana isa waƙafin sai ya tsaya, ya ɗauki 187. A ruwan Agusta ba za ka lura ba. Amma in lambobinka irin su 0,8 da 0,3 ne, duk sifili za su zama, zanen ya kwanta a ƙasa kamar tabarma. Fayil ɗin jadawali na CSV na Faransanci kuma da waƙafi mai ruwa (;) yake raba lambobi, sai ka rubuta set datafile separator ";" kafin zane. Mafi sauƙi dai, buɗe fayil a Notepad, mayar da kowane waƙafi ɗigo, sannan waƙafi mai ruwa ya zama fili.

Shekarar da ba a auna ruwa ba, rubuta NaN, wato "ba lamba ba", gnuplot zai bar giɓi a wurin. Sifili ƙarya ne, don cewa yake ba a yi ruwa ba. Wasu tsofaffin bayanai da -9999 suke cike gurbi, ka canza su tun kafin fitarwa, in ba haka ba layin zai faɗa rijiya ya danne sauran zanen.

Sai zane:

plot 'ruwa.txt' using 1:3 with linespoints

Daga 1 ake ƙirga layin tsaye a nan, ba daga 0 ba kamar Python, wato 3 shi ne Agusta.

In taswirar launi kake so, hanya biyu ce. Ka fitar da lambobin zalla, babu shekara, ka ce plot 'grid.txt' matrix with image, amma x da y za su zama lambar gurbi ne daga 0. In kana son ainihin longitud da latitud, rubuta x y z (longitud, latitud da lambar wurin) a kowane layi, ka bar layi ɗaya fanko duk sanda x ya canza, ka kira splot da pm3d. Fanko ɗaya tak. In suka zama biyu, gnuplot ɗauka yake wani sabon rukunin bayanai ne ya fara.