Kurakuran da ake ta maimaitawa a labaran komawa zamanin da, da yanda za a gyara

Cikin littattafan da ake turowa a waya yanzu akwai wani salo da nake matuƙar so, wanda za a ɗauke yarinyar wannan zamanin ko saurayi a jefa su can zamanin kakanni, ga yaƙi ga gudun tsira ga soyayya ta shiga tsakani. Salo ne mai daɗi sosai in an iya shi, amma gaskiya da yawa daga cikin waɗanda nake karantawa tun kafin a je tsakiya suke watsewa, kuma kusan wuri ɗaya kowa yake faɗawa. Ke marubuciya, mai karatu zai yarda miki da ƙarya ɗaya babba, wato cewa mutum ya tsallaka shekara ɗari biyar ta cikin tsohuwar rijiya ko madubi ko wani inji, wannan kam ya yafe miki tun a shafin farko. Abun da ba zai yafe ba shine sauran abubuwan su ma su zama na ganin dama.

Babbar matsalar daga ƙofar da ake bi a tsallaka zamanin take farawa. Sai ki ga a babi na 3 an ce ba a iya komawa sai daren da wata ya cika, a babi na 20 kuma da yarima ya shiga haɗari jaruma ta murza zobe kawai da rana tsaka ta ɓace, ba wani bayani. Toh daga nan tsoro ya fita daga labarin, dan mun gane duk sanda aka matsu marubuciya za ta buɗe hanya. Kafin ki fara taifin ki samu takarda ki rubuta dokar ƙofarki, yaushe take buɗewa, mutum nawa take ɗauka, ana wucewa da kaya ko daga kai sai tufafin jikinka, in an yi wata ɗaya a can kwana nawa ya wuce a nan. Sai kuma tambayar da ta fi su duka nauyi, shin abun da ya riga ya faru yana canzuwa? Marubutan duniya hanya uku suka fi bi. Ko dai ba ya canzuwa sam, duk ƙoƙarin da jaruma ta yi dama can yana cikin abun da ya faru, ko yana canzuwa har ta dawo ta tarar gidansu ba gidansu ba ne, ko kuma duk canjin da ta yi wata duniyar daban yake haifarwa tata ta asali tana nan yanda ta barta. Kowanne kika ɗauka daidai ne, haɗa biyu a littafi ɗaya shine ɓarnar. Ni dai na fi son na farko a labarin Hausa, dan ya fi zama da tunanin mai karatunmu game da ƙaddara, kuma ya fi taɓa zuciya, mutum yana kallon abu zai faru ya sani sarai kuma ba yanda zai yi.

Sannan ƙofar nan ta ci wani abu. In tafiya kyauta ce ba ta da daraja. Ko duk tsallakawa ɗaya jaruma ta rasa wani abu da take tunawa, ko ta dawo ta tarar shekaru sun ja mahaifiyarta ta tsufa tana jiranta, wani abu dai da zai sa ta tsaya ta yi tunani kafin ta taka. Haka in kin ce inji ne wani masanin kimiyya ya ƙera toh ya zauna a inji, kar a tsakiyar littafi ya lalace sai ga aljani ya zo ya gyara, in kuma duniyar aljanu da tsafi kika gina tun farko shikenan ki tsaya a kanta. Ana iya haɗa su amma sai an shimfiɗa tun daga farko.

Inda na fi jin ciwo kuma shine wannan kalmar ta "zamanin da". Wane zamanin? Kano ta lokacin Muhammadu Rumfa da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499 daban take da Kano ta 1851, ita ma daban take da ta 1903 da Turawa suka ci garin a zamanin Sarki Alu. Tsakanin Rumfa da zuwan Turawa shekara sama da 400 ce, amma sai a dunƙule su wuri ɗaya, ki ga an kai jaruma fadar Rumfa ana cewa za a aika wa Sarkin Musulmi takarda Sakkwato, alhali jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo sai 1804 aka fara shi, Sakkwaton ma a matsayin birnin daula sai wajen 1809. Ko dogarai su fito da bindiga, bayan tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Kumbari wajen 1731 zuwa 1743 ne aka kawo bindigogi daga Nufe. Ki zaɓi shekara guda da gari guda da sarki guda, ki karanta a kansu. Tarihin sarakunan Kano yana nan da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ba sai kin jira wani ya fassara miki ba, in kuma ƙarni na 19 kike so akwai bayanin Heinrich Barth, Bajamushen da ya shigo Kano a 1851 da sunan Abdulkarim lokacin Sarki Usman ɗan Dabo, ya bayyana kasuwa da unguwanni da farashin kaya dalla-dalla.

Ki leƙa tukunyar da ake dafa wa jarumarki abinci a can. Sau da yawa sai a kawo mata shinkafa da miyar tumatir ta ji attaruhu, ko tuwon masara, ko a ba ta gyaɗa ta ɗan taɓa. Tumatir da tattasai da attaruhu da masara da rogo da gyaɗa duk daga nahiyar Amurka suka fito, ba su fara yawo a duniya ba sai bayan 1492, kafin su iso ƙasar Hausa kuma an daɗe. Kenan a gidan Rumfa ba ko ɗaya. Abun da za ta tarar tuwon dawa ne da na gero, miyar kuka da kuɓewa da daddawa, yajinsu masoro da kimba da citta, man shanu da man kaɗe, fura da nono, zaƙi kuma sai zuma. Wallahi wannan kaɗai ya isa babi guda mai daɗi, yarinyar da ta saba da magi ta kai loma ta farko ta ji miya ba ja ba zafin barkono, ta rasa me ya ɓace a ciki, baiwar da ta kawo abincin kuma tana tsaye tana kallon fuskarta. Haka tufafi, ba atamfa ba leshi ba shadda, saƙi ne da zanen da aka rina da baba, kuma kayan da ta zo da su a jikinta, zif ɗin rigarta ma kaɗai, sun isa su tara mata jama'a.

Kuɗi ma haka. Naira sai 1973 ta fito, kafin ita fam ne da sule da kwabo, kafin su kuma wuri. Shi kansa wurin tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Sharefa ya shigo, tsakanin 1703 da 1731, dan haka in kin kai ta zamanin Rumfa ko wuri ba za ki damƙa mata ba. A lokacin Barth wuri 2,500 ne ake canza dala ɗaya ta azurfa, ki duba yawan ƙirga da nauyin da ke cikin sayen abu mai tsada a kasuwar Kurmi, ba zancen ta zaro daga jaka ta miƙa ba ne. Mu da muka taso da Suratul Kahfi ma bai kamata wannan ya wuce mu ba. Mutanen kogo sun yi shekara 309 suna barci, da suka farka aka aiki ɗayansu gari da kuɗin azurfarsu ya sayo abinci, aka kuma ja masa kunne ya bi a hankali kar a gane su, malaman tafsiri suka ce tsohon kuɗin nan ne ya sa mutanen gari suka gano lamarin. Wanda ya fito daga wani zamani ƙaramin abu ne yake tona shi, marubuci ya riƙe wannan.

Magana kuma, kar Galadima ya ce "ba ni minti biyar" ko a yi alkawari ƙarfe huɗu. Lokaci da asuba da hantsi da azahar da la'asar da almuru ake auna shi. Jarumar ce ya kamata bakinta ya dinga suɓucewa ta ce mota ko asibiti a tsaya ana kallonta. Kuma duk digirinta in aka miƙo mata takarda da ajami ko Larabci za ta gani, boko ba shi da kasuwa a wurin. Waya kuwa dan Allah a daina barinta da caji har wata shida, kwana ɗaya biyu ta mutu, ba sabis ba intanet, in za ta yi amfani da ita sau ɗaya ne a wuri mafi muhimmanci, hoton mahaifiyarta na ƙarshe kafin allon ya ɗauke ma ya fi duk wani burga da tocila a fada.

Toh sai soyayyar, wadda dan ita yawancin masu karatu suka zo. Kuskuren da aka fi yi shine a kwaso yariman fim ɗin Koriya ko na Indiya a naɗa masa rawani, miskili mai tsadar magana, ya ganta a bakin rafi ya ɗauke ta a doki ya kai ta ɗakinsa ba wanda ya ce uffan. Ina uwar soro, ina jakadiya, ina bayin sarki? Baƙuwar da ba a san asalinta ba a wancan lokacin tambayar farko da za a mata ita ce ke 'yar wace ce, daga wane gari, kuma in ba ta da amsa haɗarin da ke gabanta shine a kama ta a sayar, dan ana cinikin bayi a lokacin, wannan gaskiya ce da bai kamata a share ta dan labari ya yi kyau ba. In an zo aure waye waliyyinta? Wa zai karɓi sadaki? Waɗannan tambayoyin su ne naman labarin, su za su sa ta nemi wanda zai riƙe ta a matsayin 'ya, su za su ba kishiyoyi da 'yan fada makamin yaƙarta, kuma su za su sa soyayyar ta yi tsada har mu ji muna tsoron kar ta rasa shi.

Akwai kuma wani rami da na ga an faɗa fiye da sau ɗaya, a ƙarshe dan a ba mu mamaki sai a ce ai yariman nan kakan kakanta ne. Marubuciya tana ganin ta yi gwaninta, mai karatu Bahaushe kuwa nan take zai ce ai muharraminta ne, kaka duk nisansa ba ya auruwa. Ki zana bishiyar dangin tun farko. In kina son alaƙar jini ki sa ta zama ita ce abun da ya raba su, ta gano kafin a ɗaura. Haka in tana da miji a wannan zamanin auren yana nan bai mutu ba dan ta tsallaka rijiya, sai kin san yanda za ki yi da shi.

Wani abun da ke ɓata min rai shine mayar da mutanen da wawaye. Jaruma ta je ta koya musu wanke hannu da dabarun yaƙi da girki da mulki, kowa baki buɗe. Mutanen da suka gina ganuwa, suka yi fatauci har Gwanja da Tarabulus, suka yi rini da jima da ake nema har ƙetaren hamada, ga malamai da alƙalai. Ita fa ko wuta ba za ta iya kunnawa ba in ba ashana, ba ta iya daka ba, ba ta iya kaɗi ba, ga cututtuka irin su agana da ba a kawar da ita daga duniya ba sai 1980, wanda 'yar yanzu ko rigakafinta ba a yi mata ba. Ki bar ta ta sha wuya ta koya a wurinsu, abun da ta sani kuma ya zama kaɗan ne kuma mai haɗari, dan wanda ya faɗi abun da zai faru gobe ya tabbata ba lallai a yi masa tafi ba, ana iya cewa mayya ce ko 'yar leƙen asiri. A nan ma ki kiyaye harshe, ta san abun ne dan a wurinta tarihi ne da ta karanta a makaranta, kar a rubuta shi kamar ta san gaibu, kuma ta manta wasu shekarun ko ta rikita su kamar yanda kowa yake yi.

Masu son saka kimiyya, in ba ku karanta ba ku rage bayani, layi biyu sun fi shafi uku na kalmomin da ba su haɗu ba. Abun da kimiyya ta tabbatar tun aikin Einstein na 1905 shine wanda yake tafiya da gudu mai tsanani lokacinsa yana tafiya a hankali in an gwada da na wanda ya bari a gida, dan haka wucewa gaba yana da tushe, ɗan sama jannati ya dawo ya tarar budurwarsa ta tsufa. Komawa baya kam ba wanda ya nuna ana iya yi, dan haka a can kai ne mai kafa doka kuma kai za a kama in ka karya.

Ƙarshen littafi kuma, bayan mun bi ki babi tamanin mun sayi data mun biya kuɗin karatu, kar ki tashi jaruma a gadon asibiti a ce duk mafarki ne. Wannan guje wa hukunci ne. Dole ta zaɓa, ko ta zauna da shi ta haƙura da iyayenta har abada, ko ta dawo ta bar shi a zamanin da ya riga ya zama ƙasa, kuma duk wanda ta zaɓa mu ga abun da ta rasa a fili. Ki yanke wannan tun kafin ki saki babi na 1 ki rubuta shi ki ajiye, dan in kin bari sai masu kwament sun fara roƙon a haɗa su za ki karya dokar ƙofarki da hannunki.